Ƙwallon ruwa: tambayoyi da amsoshi ga mai son farawa a Damagaram

Ƙwallon ruwa, wanda a ƙasashen waje ake kira wata-folo, ba wasa ba ne da aka saba gani a Damagaram, garin da ko ruwan sha sai an yi tanadinsa. Duk da haka matasa na cin karo da shi a waya, musamman lokacin wasannin Olamfik, suna tambaya ko abu ne da za a iya koyo a nan. Za a iya, muddin an bi shi daki-daki, an fara da ƙafa da tsaron rai kafin a taɓa ƙwallo.

Yaya wasan yake, a taƙaice?

Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum bakwai cikin ruwa: shida masu wasa, ɗaya mai tsaron raga. Sauran suna benci ana canji da su. Wasan zubi huɗu ne, kowane zubi minti 8, amma agogo na tsayawa duk sanda alƙali ya busa usur, shi ya sa minti 32 ɗin nan kan ci kusan awa guda. A farkon kowane zubi ƙungiyoyin na jeruwa a layin ragarsu, a ajiye ƙwallo a tsakiya, a busa. Wanda ya riga isa gare ta da iyo, ƙungiyarsa ce ke farawa.

Ƙa'ida uku ce ginshiƙi. Ba a taka ƙasa. Ba a riƙe ƙwallo da hannu biyu, in ba gola ba. Kuma ƙungiyar da ƙwallo ke hannunta tana da ƙayyadadden lokaci ta kai hari. In ya ƙare ba ta jefa raga ba, ƙwallo ta koma wajen abokan karawa. Shekara da shekaru wannan lokaci sakan 30 ne, sai a 2025 hukumar wasannin ruwa ta duniya, World Aquatics, wadda a da ake kira FINA, ta rage shi don wasa ya ƙara sauri. Ci kuwa ba ya tabbata sai ƙwallo ta tsallake layin raga gaba ɗayanta.

Da gaske ba sa taka ƙasa? To me ke ɗaga su har ƙirji ya fito waje?

Da gaske. Zurfin ruwan gasa ba ya gaza mita 1.8. Mai kallo hannu yake gani yana aiki, amma ƙafa ce ke ɗauke da mutum tun daga busar farko har ta ƙarshe, da wani irin tuƙin ƙafa wanda duk wasan ya dogara a kansa. Wanda bai iya shi ba, kome ƙarfin damtsensa, ba zai yi jifa mai kyau ba, domin ba shi da abin da zai tsaya a kai.

Ga yadda ake yi. Ka zauna cikin ruwa kamar mai zaune kan kujera: baya a miƙe, cinyoyi a ɗage kusan daidai da fuskar ruwa, gwiwoyi a buɗe fiye da faɗin kafaɗa. Cinya ba ta motsi sosai. Daga gwiwa zuwa ƙasa ne ke zagayawa. Diddige ya koma baya kusa da mazaunai, ƙafa ta buɗe waje, ta sharo ruwa zuwa gaba da ciki, ta sake komawa baya. Tafin ƙafa a lanƙwashe yake sama, yatsu na kallon waje, domin cikin ƙafa da ƙwauri su ne ke tura ruwa ƙasa. Babban sirrin shi ne ƙafafun ba tare suke tafiya ba: sanda ta dama ke turawa, ta hagu na komawa. Ta haka ne turin ba ya yankewa, mutum ya tsaya cak ba ya nitso yana tasowa.

Kurakuran masu koyo sanannu ne. Wanda ke tura ƙafa biyu lokaci guda zai riƙa sama da ƙasa, ruwa na shiga masa baki. Wanda ya haɗe gwiwoyi ya rage faɗin ruwan da yake dannawa, sai ya gaji cikin sakan kaɗan. Wanda ya miƙe yatsun ƙafa yana yanka ruwa ne kawai, ba ya tura shi. Wanda ya jingina baya kuwa, ƙafafunsa gaba za su yi, da an ɗan taɓa shi ya kife.

A fara a bakin ruwa, a zaune, ƙafafu a ciki, ƙafa ɗaya-ɗaya har motsin ya zauna. Sannan a shiga a riƙe bango. Sannan a saki bango, tafin hannu na shafar ruwa hagu da dama don taimako. In an iya minti biyu haka, a fitar da hannu waje, daga nan gwiwar hannu. Masu horarwa na da wani gwaji mai sauƙi: a cika jarka mai lita 5 da ruwa, a buɗe murfin, a kifa ta bisa kai da hannu biyu, a yi ta tuƙi har ta zube ƙaf. Farkon ne mai wuya, sanda jarkar ke da nauyi ruwa na kwarara kan fuska. Tana raguwa aikin na sauƙi. Kada a yi gaggawar kaiwa nan. Cikin gwiwa ne ke ɗaukar wahalar wannan tuƙi, in ya fara zafi a dakata, a rage, a bar jiki ya saba cikin makonni.

Na iya iyo tun ina yaro. Wannan bai isa ba?

Ya danganta da irin iyon. Da yawa sun koyi iyon da zai fid da su daga wannan gaɓa zuwa waccan, su dafa ƙasa su huta. A nan babu wurin hutawa. Shawararmu kafin mutum ya shiga wasa a ruwa mai zurfi: ya iya mita 50 ba tsayawa, ya iya minti biyu a wuri guda ba ya riƙe kome, ya iya juyawa ya kwanta rigingine ya yi numfashi in ya gaji. Wanda bai kai nan ba ya ci gaba da koyon iyo, ya yi wasan ƙwallo a inda ruwa ke iya ƙirji.

Tafkuna na cika da damina. Me zai hana mu yi a can?

Abubuwa uku, kuma ba ma sassautawa a kansu.

Na farko, ruwan tafki ba a ganin ƙasansa. A wannan wasa ana danne juna, ana shan ruwa, ana gajiya. In mutum ya nutse a ruwa mai laka, kafin a gane babu shi, kafin a lalubo inda yake, lokaci ya ƙure. Nutsewa ba ta da hayaniya yadda ake zato: mai nutsewa ba ya iya ihu, bakinsa na daidai fuskar ruwa, kansa a ɗage baya, hannuwansa na danna ruwa a gefe, sai kawai a daina ganinsa. Cikin hargowar wasa babu mai lura sai wanda aka ajiye don haka.

Na biyu, yawancin kududdufan cikin gari da bakin gari ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini. Taku ɗaya ruwa iya gwiwa, taku na gaba ya shanye mutum, ga taɓo mai riƙe ƙafa, ga kwalabe da ƙarafa da ruwa ya kwaso.

Na uku tsargiya. Ƙwayar cutar na rayuwa cikin wasu ƙananan katantanwa na ruwa mai kwanciya, ta fito ta ratsa fata, ba sai an sha ruwan ba. Alamar da aka fi sani ita ce jini a ƙarshen fitsari. Wanda ya saba shiga tafki ya ga haka ya tafi asibiti, akwai magani, kada a ɗauke shi abin da yaro ke yi ya wuce. Awa guda ana wasa cikin irin wannan ruwa, sau biyu ko uku a mako, neman cutar ne kai tsaye.

To a ina za a yi, kuma wane girma ake bukata?

A pisin, wato ginannen wurin iyo, mai ruwa garau, wanda daga baki ake ganin ƙasansa har wurin da ya fi zurfi. In ba a gani, a fasa ranar. Filin gasa na manya faɗinsa mita 20. Tsawonsa a da mita 30 ga maza, 25 ga mata, yanzu an mayar da na maza ma 25. Masu koyo ba sa bukatar ko rabin wannan. Pisin irin na otal mai tsawon mita 12 zuwa 15 ya ishi mutum uku-uku ko huɗu-huɗu, kuma ƙaramin fili ya fi wa mai koyo amfani, don yana taɓa ƙwallo sau da yawa.

Irin waɗannan wurare galibi gefe ɗaya ne mai zurfi. A yi wasa a haka, a riƙa canza gefe kowane zubi, a kafa doka cewa wanda ƙwallo ke hannunsa ba ya taka ƙasa, ba a kuma dira daga ƙasa a yi tsalle. A yi magana da mai wurin tun da wuri kan lokacin da babu baƙi, a duba tagogi da fitilun da ke bayan raga, don ƙwallon nan tana fasa gilashi.

Wane kaya ake bukata?

Ƙwallo, huluna, raga, usur. Ƙwallon wasan ta roba ce mai kaushi a jiki don kada ta sulɓe in ta jiƙe, nauyinta giram 400 zuwa 450. Ta maza lamba 5 ce, kewayenta santimita 68 zuwa 71. Ta mata lamba 4, santimita 65 zuwa 67. Akwai ƙanana na yara. Kamfanin Mikasa na cikin sanannun masu yin ta. Namiji mai koyo ya fara da lamba 4, hannunsa zai fi saurin sabawa. Ƙwallon ƙafa ba ta yi: tana santsi, tana shan ruwa ta ɗinki. In babu ta ainihi, ƙwallon roba mai kaushi wadda tafin hannu ɗaya zai iya tallafewa ta fi.

Hulunan na ƙyalle ne, ana ɗaure su ƙarƙashin haɓa, suna da murfin roba mai tauri a kan kunne. Ƙungiya ɗaya fari, ɗaya shuɗi ko wani launi mai duhu, gola ja. Murfin kunnen nan ba ado ba ne. Ƙwallo ko tafin hannu in ya bugi jiƙaƙƙen kunne, iska da ruwa na matsuwa ciki su fasa dodon kunne. Tela zai iya ɗinka hula, amma murfin a nemi na gaske. Kafin a samu, a hana jifa mai ƙarfi.

Abin da ake cirewa ma yana da muhimmanci: zobe, agogo, sarƙa, ƴan kunne, awarwaro, da duk wata laya ko kambu mai igiya, don yatsan wani na iya maƙalewa ciki. Ba a shafa mai a jiki, ko man kaɗanya ko basilin, doka ta hana. Ba a sa tabaron iyo a wasa, don in ƙwallo ta buge shi gefensa ne ke shiga ido. Kafin gasa alƙali kan bi ƴan wasa ɗaya-ɗaya, kowa ya miƙa hannu a shafa bakin farcensa, a duba na ƙafa; wanda nasa ya yi tsini a miƙa masa abin yanka nan take. Ku ma ku yi haka tun ranar farko.

Za a iya haɗa raga a gida?

Ƙwarai. Ta gasa faɗinta mita 3, sandar sama na santimita 90 bisa fuskar ruwa. Ga yara da ƙaramin pisin mita 2 ya wadatar. Ana haɗa ta da bututun roba irin na famfo, mai kauri, da mahaɗansa na kusurwa. Bayan turaku biyu da sandar sama, a yi mata gindi mai kusurwa huɗu wanda ya miƙa baya kamar mita ɗaya, a ɗaura jarkoki huɗu marasa kome, murfi a rufe gam, ɗaya a kowace kusurwa. A ja igiya daga kowane gefe zuwa bakin pisin.

Inda ake samun matsala: ragar da ba ta da gindin baya tana kifewa da jifan farko. Mahaɗin da ba a sa masa gam ba yana zarewa, bututu ya sha ruwa, gefe ɗaya ya nutse. Kuma ranar Damagaram na busar da wannan roba har ta riƙa karyewa da kaifi, don haka a fid da raga a ajiye a inuwa bayan kowane wasa.

Yaya ake ɗaukar ƙwallo da hannu ɗaya, a jefa, a cafe?

Hanya mafi aminci ga mai koyo ita ce ta ƙasa: ka zura hannu ƙarƙashin ƙwallo, yatsu a baje, ka ɗago ta. Masu ɗora hannu a sama suna danna ta, in abokin karawa ya taɓa su a wannan hali ƙwallo ta nutse, alƙali ya ba wa ɗaya ɓangaren.

Wajen jifa, kafaɗar hannun da ba ya jifa ita ke kallon inda za a jefa, wannan hannun na gaba yana shafar ruwa. Ƙwallo na bayan kai, gwiwar hannu a sama da ruwa, daidai kunne ko fiye. Ka ƙara saurin tuƙin ƙafa ka taso, sannan ƙugu ya juya, kafaɗa ta bi, gwiwar hannu ta wuce gaba, wuyan hannu ya ƙarasa, yatsu su ƙare suna kallon wurin. In ƙwallo na tashi sama da raga, mai jifan ya kwanta baya ne, ƙafarsa ta saki. In jifan ba ƙarfi kuma kafaɗa na ciwo, gwiwar hannu ce ke jan ruwa, yana jifa da damtse kaɗai.

Cafewa kuma ba a jiran ƙwallo da sandararren hannu, za ta buga ta yi gaba. Ana tarbar ta a gaba, a bi ta baya a hankali har hannu ya kai wurin da jifa ke farawa. Mutum biyu su tsaya mita 3 tsakani su yi ta miƙa wa juna ba tare da ta taɓa ruwa ba, su ƙirga. In sun kai 20 a jere su ƙara nisa. A yi da hannun hagu ma tun yanzu, kafin ya zama baƙo.

Yaya ake gudu da ita cikin ruwa?

Ba a riƙe ta. Ana iyon ƙirji kai a waje, haɓa daidai fuskar ruwa, gwiwoyin hannu a sama, jan hannu gajere da sauri, ƙafa na bugu da ƙarfi don ƙugu kada ya nutse. Ruwan da ƙirji ke turawa shi ke tafiyar da ƙwallo a gaban fuska, hannuwa biyu na tsare ta hagu da dama. In tana kuɓucewa gefe, kai ne ke juyawa. A kafa ido wuri guda a gaba.

Me ya sa usur ba ya shiru a wannan wasa?

Domin laifi iri uku ne, kuma ƙaramin cikinsu ana yinsa a kai a kai, wani lokaci da gangan.

Ƙaramin laifi: tare wanda ba ya riƙe da ƙwallo, ture mutum don ka samu wuri, hannu biyu, dukan ƙwallo da dunƙulallen hannu, nutsar da ita sanda aka taɓa ka, taka ƙasa, ko shiga gaban raga cikin mita 2 kafin ƙwallo ta riga ka. Hukuncinsa jifa kyauta, kuma nan take ake yi. A nan masu zuwa daga ƙwallon ƙafa ke shan mamaki: sun ji usur sun tsaya suna kallon alƙali, abokin karawa ya riga ya wuce. In an busa, dubi hannun alƙali, inda ya nuna can ake kai hari, ka ci gaba da iyo. In laifin a wajen layin mita 6 daga raga aka yi, wanda aka yi wa na iya jefa raga kai tsaye.

Babban laifi: riƙe wanda ba ya riƙe da ƙwallo, danna shi ƙasa, jawo shi baya, watsa masa ruwa a fuska da gangan, hana jifa kyauta, ko yi wa alƙali rashin kunya. Mai laifin na fita zuwa kusurwa na ɗan lokaci, wanda a da aka daɗe ana ƙayyade shi sakan 20, ƙungiyarsa ta rage mutum ɗaya. Wanda ya tara irin wannan uku ya gama wasan ranar, wani ya maye gurbinsa. Naushi ko shuri da niyyar cutarwa kora ce gaba ɗaya, kuma sai bayan minti 4 ake maye gurbin.

Na uku fenariti, in an yi laifi kusa da raga wanda ya hana ci bayyananne. Daga mita 5 ake jefawa, da busa ɗaya, ba a yaudarar gola da hannu.

Abin da ke warware yawancin ruɗanin shi ne kalmar riƙewa. Wanda ƙwallo ke tafinsa, an yarda a kai masa hannu a danne damtsensa a ƙwace. Da ya sake ta, ko yana iyo tana gabansa, to ba ya riƙe da ita, taɓa shi laifi ne. Shi ya sa za ka ga ɗan wasa ya saki ƙwallo daidai lokacin da aka hau shi: laifi yake nema wa mai tsaronsa.

Ɗan kokawa zai fi saurin iya wasan?

Yana da abin da wasu ba su da shi: ya san amfani da ƙugu, ya san jin nauyin abokin karawa, ba ya tsoron haɗa jiki. Wannan na da amfani a gaban raga, inda mutum biyu ke turereniya a kan taku ɗaya na ruwa. Amma ƙarfin ɗan kokawa daga ƙasa yake tasowa, a nan kuwa babu ƙasa. Sai ya sake gina shi a kan tuƙin ƙafa. Kuma dole ya horar da hannunsa ya daina kamu, in ba haka ba zubi biyu ya tara laifi uku.

Kowa na da wurinsa ne, ko duk inda ƙwallo take ake bi?

Bin ƙwallo duka shi ne alamar sababbi: mutum goma a dunƙule, babu mai iya ɗaga hannu. Tsarin da aka saba, biyar na yin rabin da'ira a gaban raga: biyu a gefe-gefe kusa da layin mita 2, biyu a bayansu, ɗaya a tsakiya can baya yana rarraba ƙwallo. Na shida yana tsakiyar da'irar, bayansa ga raga, mai tsaronsa na kansa. Aikinsa ya karɓi ƙwallo a kan ruwa ya juya ya jefa, ko ya sa a kori mai tsaronsa. Mai hannun hagu ana ajiye shi a gefen dama, don hannunsa na jifa ya kasance ta ciki yana kallon raga.

In an kori mutum ɗaya, shida na fuskantar biyar, kuma a nan ake cin wasanni da yawa. Masu hari na miƙa wa juna da sauri ba tare da ƙwallo ta taɓa ruwa ba har gola ya makara a gefe ɗaya. Masu tsaro na ja baya, kowa hannu ɗaya a sama yana toshe hanya.

Gola fa?

Shi kaɗai aka yarda ya sa hannu biyu ko ya naushi ƙwallo, a yankin ragarsa. Ba mai dogon hannu kawai ake nema ba, mai ƙafa ake nema, don sau da yawa sai ya taso har cibiya. Ya tsaya ɗan gaban layi, hannuwa kusa da fuskar ruwa, ido a kan ƙwallo. Kuskuren sabon gola shi ne tasowa da wuri: mai jifa ya girgiza hannu, gola ya yi sama, yana saukowa a jefa. Ya kula da jifan da ke dukan ruwa ya yi tsalle, da wanda ake ɗagawa ta bisa kansa in ya fito da yawa. Kada a sa yaro sabo a raga manya na jifansa. In ƙwallo ta bugi kai har mutum ya ji jiri ko amai, ya fita, a kai shi asibiti.

Ni uwa ce. Ɗana shekararsa tara, ƴata sha biyu. Za su iya?

Za su iya, Hajiya, in sun iya iyo gwargwadon abin da aka faɗa a sama. Yara kan fara a ruwa iya ƙirji da ƙaramar ƙwallo, babu danne juna, a yarda musu da hannu biyu wajen cafewa a watannin farko. Abin da ya kamata ki tambaya kafin ki bar su: wa ke tsaye a bakin ruwa yana kallo, wanda ba ya wasa, ba ya alƙalanci, ba ya riƙe da waya? Akwai doguwar gora da jarka mai igiya a kusa don miƙa wa wanda ya gaji? Ana ƙirga yara kafin shiga da bayan fita? In babu amsa, kada su shiga.

Ga ƴa mace, a nemi lokaci na mata zalla da mace mai kula. Kayan iyo masu rufe jiki har wuyan hannu da idon sawu suna nan, sharaɗin kawai su kama jiki. Riga mai faɗi, zane ko hijabi mai yawo na shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafa ko su rufe fuska. Hular wasan kanta na rufe gashi da kunne.

Zafi, hunturu da azumi fa?

Daga Maris zuwa Mayu, sanda zafi ke wuce digiri 40, a yi da sassafe ko bayan la'asar. Mutum na zufa cikin ruwa bai sani ba, don haka kowa ya ajiye gorar ruwan sha a baki ya riƙa kurɓa. Rashin haka ne ke kawo ciwon kai da ɗaurewar tsokar ƙafa. In ta ɗaure, a kwanta rigingine, a kama bango, a ja yatsun ƙafa zuwa sama. Ruwan gasa ana riƙe shi wajen digiri 26. Da hunturu, Disamba da Janairu, pisin da ba a ɗumama shi yana sanyi ƙwarai: a koma tsakar rana, a gajarta, yaron da ya fara karkarwa ko leɓensa ya canza launi a fid da shi. Da azumi a mayar da horo bayan buɗa-baki, in akwai fitila mai haska har ƙasan ruwa. Da damina kuwa, da an ji tsawa ko an ga walƙiya kowa ya fito.

Gasar daɗewa a ƙarƙashin ruwa, wadda samari ke so, a hana ta sam. Mai riƙe numfashi na iya suma ba tare da wata alama ba, ko da gwanin iyo ne.

Daga ina wasan ya fito, su wa suka fi iyawa?

Daga Birtaniya, a ƙarni na 19. Wani malamin iyo ɗan Sikotilan, William Wilson, na cikin waɗanda suka fara tsara masa dokoki. Ya shiga Olamfik a Paris a 1900, na mata kuwa sai a Sidni a 2000, inda Ostareliya ta ci. A maza Hangari ce kan gaba da zinare 9, uku daga ciki a jere: 2000, 2004, 2008. Wasanta da Tarayyar Sobiyet a Melbon a 1956, makonni bayan sojojin Sobiyet sun murƙushe boren Hangari, shi ne mafi shahara a tarihin wasan: Hangari ta ci 4 da 0, ɗan wasanta Ervin Zádor ya fito da jini a fuska. Sabiya ta ɗauki zinare uku na baya-bayan nan, a Riyo, Tokiyo da Paris. A mata Amurka ta ci uku a jere kafin Sifaniya ta karɓa a 2024. A Afirka, Masar da Afirka ta Kudu ne suka kai Olamfik. Mai kallon waɗannan wasanni a YouTube ya ɗan bar ƙwallo, ya zaɓi ɗan wasa ɗaya ya bi shi minti biyu, zai ga yawan aikin da ake yi ba tare da ita ba.

In mun samu wuri da mutum takwas, yaya za mu tsara awa ɗaya?

Minti 10 na farko iyo a hankali da juya kafaɗu. Minti 10 tuƙin ƙafa: sakan 30 aiki, sakan 30 hutu, hannu cikin ruwa, daga baya a waje. Minti 10 iyo kai a waje, gajeren zango, da ƙwallo da babu. Minti 15 miƙa wa juna biyu-biyu, a ƙare da jifa raga daga mita 5. Minti 15 na ƙarshe wasa, zubi uku na minti 4 da hutu tsakani. Cikin takwas ɗin shida ne ke ruwa, uku-uku. Ɗaya na busa usur, ɗaya na gadi da gora a hannu, ana karɓa-karɓa kowane zubi. Sau biyu a mako ya isa a wata biyun farko. Jifa mai ƙarfi kada ya wuce 15 ga mutum a rana a wannan lokaci, domin kafaɗa ta fi ƙafa jinkirin sabawa, kuma ciwonta in ya kama yana ɗaukar makonni kafin ya saki.